Shekarar da Muka Ji Amsa Biyu

Ranar Lahadin da ta wuce, wadda ita ce ta ƙarshe a shekara, sabon fastonmu na nan Birnin Kudu ya ce kowa ya ɗauki azumi, ya roƙi Ubangiji ya nuna masa abin da zai sa a gaba a sabuwar shekara. Kafin ya rufe baki matasa sun zaro wayoyi suna latse-latse, wai buri suke rubutawa. Yarinyar da ke kusa da ni ta leƙo ta ce, "Mama, ke fa mene ne naki?" Murmushi kawai na yi mata. Hankalina ya riga ya tafi wani ɗan coci na ƙasa mai rufin ciyawa, a ƙauyen mijina can bayan Maruta, a shekarar da aka ƙirƙiri Jigawa.

Sunana Hannatu, amma tun da na haifi Ladi kowa Maman Ladi yake ce mini. 'Yar gari ce ni. A nan aka haife ni, babana wanki yake yi a asibiti, kuma har na yi aure ban taɓa riƙe fartanya ba. Da na auri Iliya, Baban Ladi, Kano muka tafi, inda yake aikin kafinta a wata ma'aikatar gwamnati. Ɗaki ɗaya da rumfa, ga famfo a bakin layi, ga Ladi ta shiga makaranta, ƙanenta biyu suna tasowa. A ganina mun gama samun wurin zama.

Sai aka raba jiha. A rediyo muka ji, aka yi ta murna har da mu. Ba a jima ba aka ce duk ma'aikacin da yake ɗan Jigawa ya tattara ya koma gida. Manya suka wuce Dutse. Irin su Baban Ladi kuwa aka ce su je su jira, za a neme su, amma ba wanda ya faɗi rana. Alhaji Sabo, mai babbar motar da ke kai gyaɗa Kano daga Gwaram, shi ya kwaso mu da komatsanmu a kan hanyarsa ta dawowa. Tare suka taso da Baban Ladi, kiwo ɗaya suka yi suna yara.

Mun iso an gama girbi, gonaki sun zama kara. Inna, uwar mijina, ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar Baba, mijinta. Rumbunta ɗaya, abin da 'yar gayaunarta ta ba ta ne a ciki, daidai cikin tsohuwa guda. Gandun gidan kuwa ya zama saura, sabara ta cinye shi. Ta tarbe mu da guɗa, ta rungume jikokinta, amma na ga idonta ya kai kan rumbun ya dawo.

Ran Kirsimeti, bayan an gama waƙoƙi, Baba Fasto ya miƙe. Tsoho ne, idonsa ya fara dushewa, in zai yi karatu sai ya kai littafi har hancinsa. Ya ce, "Kada kowa ya zo mini da buri goma. Abu ɗaya ya isa. Daga gobe har jajiberin sabuwar shekara ku yi azumi, safe zuwa faɗuwar rana. Ku tambayi Ubangiji, kada ku gaya masa. In ya nuna muku, ku yi masa alkawari, ran sabuwar shekara ku faɗa wa mutanen gidanku."

Azumin sanyi ba shi da ƙishirwa, amma yunwarsa cizo take yi. Ruwan randa da safe kamar zai yanke yatsa. Leɓe ya tsage, diddige ya tsage. Sai in hura wuta da karan dawa yara su kewaye ta, in tafi rijiya, in dawo in yi surfe, in dama musu kunu ina jin ƙamshin tsamiya har cikin kaina, ba damar ɗanɗanawa. Duk inda na juya addu'a nake yi. Makarantar da ta fi kusa da mu tana hayin kogi, in ruwa ya zo ba a ƙetarewa, ga Ladi ta fara manta abin da ta koya.

Ranar ƙarshe da la'asar ina daka, abin ya zo mini. Ban ji murya ba, ba zan ƙara gishiri ba. Amma wani abu ya sauka a ƙirjina, nauyin da na taho da shi daga Kano ya ɗaga, na ji sarai a raina cewa nan ba wurin zamanmu ba ne, mu tashi, yarinyar nan ta koma makaranta. Na jingine taɓarya, na durƙusa a gindin turmi na yi alkawari: kafin damina ta faɗi mun bar ƙauyen nan, ko Dutse ko Birnin Kudu.

Washegari da muka dawo sujada, muka shimfiɗa tabarma a rana. Ina shirin buɗe baki Baban Ladi ya riga ni. Fuskarsa na walƙiya, rabon da in gan shi haka tun muna Kano.

"Inna, Maman Ladi, Ubangiji ya amsa mini. Na daina jiran gwamnati. Zan sare gandun Baba in noma shi bana. Kuma zan zauna in riƙa yi wa Baba Fasto karatu, tun da idonsa ya gaza. Jiya da la'asar na yi alkawari."

"Jiya da la'asar?" na ce.

"Da la'asar, a gindin tsamiyar gona."

"Ai ni ma da la'asar ya amsa mini. Cewa ya yi mu tashi."

Muka kalli juna. Inna ta ajiye ludayinta, ta dube shi, ta dube ni.

"To, cikinku wa ya yi ƙarya?"

Ba wanda ya yi. Da na ga alamar ƙarya a idonsa da na huta. Na san mijina, bai iya ƙirƙira ba, shi ma ya san ni.

Da yamma muka tafi wurin Baba Fasto. Na riga na shirya jin abin da zai ce, wato mace ta bi mijinta, har na tanadi kukana. Ya saurare mu ɗaya bayan ɗaya, yana murza gemu. Da muka gama ya ce:

"'Ya'yana, ban sani ba."

"Baba, ai kai ka sa mu," in ji Baban Ladi.

"Ni na sa ku. Ni ma na yi azumin, kuma in gaya muku gaskiya, bana ban ji komai ba sai yunwa. Ku kun ji har biyu. Ba zan ce wa ɗayanku ya karya alkawarin da ya yi wa Ubangiji ba. Ku je ku ci gaba da addu'a."

Muka fito na fi shiga ruɗewa. Da ya yanke hukunci, ko a kaina ne, da na san inda na tsaya.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Wanda bai zauna kusa da duwatsun ƙasarmu ba bai san zafi ba. Dutse ya sha rana tun safe, da yamma ya riƙa amayo ta. Rijiyar unguwa ta ja baya, aka ƙara wa guga igiya, aka sake ƙarawa, ruwan da ke fitowa ja ne, sai an bar shi ya kwanta. Baban Ladi kullum yana gandu, yana sassabe, yana tone kututture, yana kai taki a jakin aro. Hannun da ya saba da zarto ya fashe ya warke ya sake fashewa. Ran Lahadi ya tsaya gaban jama'a ya yi karatu, Baba Fasto na gyaɗa kai. Ni kuwa ban kwance rabin kayana ba. Kwanukana na Kano suna ɗaure a buhu a bayan ƙofa, duk wanda ya shigo ya gani.

Ba faɗa muke yi ba. Da faɗa ne da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne addu'ar safe, da muke yi tare da yara. In na roƙi damina mai albarka, na roƙi abin da zai zaunar da mu, na ci amanar alkawarina. In na roƙi kiran Dutse, na roƙi abin da zai karya nasa, a gabansa. Sai na koma roƙon lafiya kawai. Shi ma na lura ya daina ambaton gona. Muna durƙushe kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kewaye abin da ke ransa.

Hatsi ya fara ja baya. Inna ce ke shiga rumbu, ita ke auna mini na rana a 'yar ƙwarya, kuma ƙwaryar kullum ƙara ramewa take yi. Tuwo ya koma sau ɗaya, da safe sai ɗumame in ya kwana, in bai kwana ba sai kunu tsararo. Azumin Musulmi a wannan zafin ya faɗo shekarar. Matar Alhaji Sabo takan aiko mana da kunun kanwa da ƙosai in sun sha ruwa, ta ce na yara ne, amma ta san har da manya. Wata rana na je yi mata godiya, na kasa riƙewa na ba ta labarin duka. Ta ce, "Maman Ladi, mu ma mukan nemi zaɓin Allah. Amma ni ban taɓa jin ya zaɓa wa gida ɗaya hanya biyu ba. Ko ɗayanku zuciyarsa ce ta yi magana?" Na dawo da wannan tambaya ina juya ta. Na binciki kaina har na gaji. Ina son Kano, ina son famfo, ina ƙin fartanya, duk gaskiya ne. Amma abin da na ji a gindin turmi bai yi kama da son rai ba. To shi fa, ba ya son gonar ubansa? Yana so. Ina za a raba?

Ruwan fari ya zo bayan Ista. Iska ta fara, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, yara suka fita tsirara suna ihu. Washegari duk ƙauyen yana gona. Baban Ladi yana gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna binsa muna jefa iri muna rufewa da diddige. Na bi shi ne don kunyar idon mutane, ina jefa geron ina cewa a raina ba ni zan ci shi ba. Ya tsiro kore shar, gwanin kyau.

Daga nan sama ta kulle. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Shuka ta naɗe ganye, ta yi fari, ta kwanta. Musulmi suka fita roƙon ruwa, mu ma muka taru a coci, ba ko ɗigo. Baban Ladi yakan je ya tsaya a tsakiyar gandu ya dawo. Na tausaya masa, kuma a can ƙasan raina wani abu yana cewa, ga shi nan, amsa ta fara fitowa.

Wata safiya motar Alhaji Sabo ta tsaya a bakin hanya, ya sauko da kansa har ƙofar gida.

"Iliya, daga Dutse nake. Ana neman kafintoci, an ce duk na Kano da ke jira su bayyana cikin makon nan. Wanda bai zo ba za a sa wani. Gobe da safe zan koma, in za ka."

"Na ji, Alhaji. Na gode."

Na shige ɗaki na durƙusa ina hawaye. Gona ta ƙone, kira ya zo, me ya rage? Na jawo buhun kwanukana tsakar ɗaki.

Da azahar gabas ta yi baƙi. Kafin la'asar aka tsuge da ruwa irin wanda ban taɓa gani ba, kamar da bakin ƙwarya. Tsakar gida ta zama tafki, katangar bayan gida ta zube, kwaɗi suka fara kuka tun da sauran haske. Muna tsaye a bakin zaure, ni da shi da Inna, muna kallo. Baban Ladi ya fara dariya, dariyar da ba ta daɗi ba.

"Maman Ladi, da safe ya amsa miki, da yamma ya amsa mini. Yanzu kuma fa?"

Inna ce ta yi magana.

"Ni ban yi azumi ba, cikina ba ya ɗauka. Amma na shiga rumbu yau, ƙafata ta taɓa ƙasa. Abin da ya rage, in aka fitar da iri, ba zai kai mu tumu ba. Dole wani ya je ya nemo hatsi. Kuma ƙasar nan ta jiƙu, dole wani ya yi shuka gobe. Ku raba."

"To mu tafi tare," na ce. "A bar gonar."

"Ku tafi ina?" in ji Baban Ladi. "Alhaji ya ce ma'aikata a baranda suke kwana, wasu a azuzuwa. Ba ɗaki a Dutse ko na ajiye akuya. In kai yara ina?"

Haka aka yi. Shi da ya ce an ce ya zauna, shi ya hau mota da akwatin kayan aikinsa. Ni da na ce an ce in tashi, ni aka bari da sungumi a hannu.

Ba zan manta daminar nan ba. Inna ta koya mini sara, tana cewa, "'Yar birni, ba faɗa kike da ƙasar ba, sassauta hannu." Muka sake shuka, gero kaɗan, dawa da yawa tun da lokaci ya ja, wake a tsakani. Ciyawa ta taso kamar ana jan ta. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Bayana ya ƙi miƙewa, in na tashi daga sunkuyo sai na dafa gwiwa. Da ciyawa ta fi ƙarfina, matan zumunta suka yi mini gayya. Suka jeru kunya-kunya suna waƙa, zani ɗaure a ƙugu, ni ce kullum a baya. Abin da na iya ba su shi ne kwaɗon rama da ruwa, suka ci suka yi godiya kamar an yanka musu rago.

Yunwa ta tsakiyar damina daban take. Ko'ina kore, ko'ina ruwa, ciki kuwa wayam. Tafasa muka ci, muka ci zogale, muka ci lalo, a barbaɗa ɗan gari a kai don a ce an ci hatsi. Ruwa ya yi kwana da kwanaki yana zuba, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, rufi na yoyo a kan shimfiɗar yara. A nan ne na kwance buhun kwanukan Kano, ba don na haƙura ba, sai don in tara yoyo. In motar Alhaji ta zo takan sauke mana ɗan ƙullin masara daga Baban Ladi, mu yi kwanaki muna lallaɓa shi. Ladi ba makaranta, kogi ya cika. Ina noma ina magana da Ubangiji kamar mai rigima: in nan kake so in zauna, me ya sa ka ce in tashi? In kuwa ba kai ka faɗa ba, wa na ji? Ba amsa, sai kukan kurciya.

Wata Asabar Baban Ladi ya zo. Ya rame, sauro ya cinye shi, idonsa ya faɗa. Ya same ni a gona. Ya tsaya yana kallon dawar da ta kai ƙirji, da kunyoyina karkatattu. Ya miƙa hannu zai karɓi fartanya, na hana.

"Bar shi. Kai ma'aikaci ne."

"Kada ki yi mini haka, Maman Ladi. Kin san abin da nake ji? Na tsaya gaban Ubangiji na ce zan zauna. Ko shekara ba ta raba ba na gudu."

"Ni da na ce kafin damina mun tashi fa? Ga ni cikin taɓo har gwiwa."

Muka zauna a kan kunya, ba mai lallashin wani. Washegari a coci ya ƙi zuwa gaba ya yi karatu, ya zauna can baya kusa da ƙofa. Baba Fasto ya kira shi ya kira shi, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Kaka ta zo. Geron bai yi abin kirki ba, ya makara. Dawa kuwa ta yi, wake ma ya yi. Ranar da na gasa wa yara tumun farko, na ga ƙaramin yana ci yana lumshe ido, sai na juya baya don kada su ga fuskata. Ladi sai a shekara ta gaba ta koma makaranta, a nan Birnin Kudu wurin gwaggona. Baban Ladi ya yi aikinsa a Dutse har ya yi ritaya, yana zuwa yana komawa. Ni kuwa na yi shekaru masu yawa a gandun nan, har na zama mai koya wa amare sara. Har ya rasu ba mu warware wanda ya ji daidai ba. Wani lokaci in ce shi ne, wani lokaci in ce ni ce, wani lokaci in ce mun ji daidai mun fassara a karkace.

Ran godiyar kaka ta waccan shekarar da na fara noma, kowane gida zai kai dami ɗaya coci, kuma maigida ne ke ɗauka. Na zaɓi damin dawa mafi kyau na jingine a ƙofar gida. Aka buga ƙarfen sujada, mutane suna wucewa da nasu a ka. Baban Ladi ya fito cikin farar rigarsa ya tsaya.

"Ɗauki mana," na ce.

"Ba zan ɗauka ba. Ban noma ba. Ke za ki kai."

"Ni ban yi alkawarin gona ba. Alkawarinka ne. In na kai, me zan ce na kawo?"

"Ni kuma in ce me? In shiga da gumin wani a kaina?"

Aka sake buga ƙarfe. Muna nan tsaye, dami a tsakaninmu, yara suna kallonmu. Sai ga Inna ta fito tana gyara ɗankwali. Ba ta tambayi abin da ake ciki ba, ta ji komai daga ɗaki. Ta naɗe gammo, ta sunkuya, ta ciccibi damin nan da ko ni sai an ɗora mini, ta aza a kanta. Muka yi wuf za mu karɓa, ta daka mana tsawa.

"Ku matsa mini! Tun sanyi kuke tambayar abin da ya ce. Ni dai na san an ba ni, na ci, jikokina ba wanda ya mutu. Godiya zan je in yi. In kun gama shari'ar ku same ni a can."

Ta kama hanya, dawa na rangaji a kanta, wuyanta na rawa. Muka bi ta a baya, ni da shi, hannuwanmu a sama kusa da damin ko zai faɗo, har ƙofar coci.